Batirin Jirgin Kawu

Duk garin Difa, daga bakin Komadugu har tashar mota, babu wanda wayar wuta ke shakka kamar ni. Rediyon da ya mutu tun zamanin kakanni, in aka ɗora shi a teburina, kafin in shanye shayina ya soma karanta labarai don kunya. Wuta ta ja ni har ta gaji ta daina. Yanzu in na kama waya tsirara, ita ce ke cewa wayyo. Zuciya kuwa ba a magana. Na sha gaya wa masu zaman rumfar shagona cewa ranar da aka raba tsoro ina can ina gyaran fanka, ban samu rabona ba. Haka nake faɗa, haka kuma na yarda, har ranar da jirgin ƙasa na wasa ya kwantar da ni rubda ciki a gaban bakin bindiga.

Jirgin na Kawu ne, wan mahaifiyata. Tun yana saurayi ya ƙetara Najeriya neman abinci, ya samu aiki a reluwe, ya tsufa yana zuba wa jirgi kwal yana jan igiyar usur. Mu nan ƙasar tattasai da kifi ba mu san jirgin ƙasa ba sai a hoto, saboda haka duk ƙaryar da ya ga dama ya yi mana sai mu ce haka ne. Da idanunsa suka rufe, ɗansa ya samo masa wani ɗan jirgi a kasuwar gwanjo. Baƙi ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da taragon kwal a bayansa, da ƴan guntayen dogo da ake haɗawa su yi zobe. Kuma yana kuka. Yana huci, yana kaɗa ƙararrawa, yana busa usur kamar na gaske. Da tashin hankali ya iso garinsu aka watse, mutane suka faɗa kogi da tabarmi da tukwane a ka, Kawu kuwa jirginsa ya saka a ƙwarya ya ɗora a kai, ƴarsa na jansa da sanda. Haka suka ƙetaro suka iso Geskeru, ba nisa da Difa, suka kafa zana.

Wata rana na je gaishe shi, ko ruwa ban sha ba ya ce, "Mai rediyo, zauna ka ji abin kunya."

Ƴarsa ta haɗa dogon da ɗan fanon sola da masu agaji suka ba su. Jirgi ya tashi, ya yi huci, ya ɗauko usur mai daɗi, yana kaiwa tsakiya sai ɗif. Ya sake farawa daga huci. Ya sake ɗaukowa, ɗif.

"Ka ji?" in ji Kawu. "Ka taɓa jin jirgi yana shaƙuwa?"

"Kawu, ni ko mai lafiyan ban taɓa ji ba."

"To wannan ba jirgi ba ne, ɗan akuya ne da mura. In ba ka iya ba ka gaya mini, in nemi mai gyara."

A gabana, mai gyara! Na buɗe taragon kwal nan take. A ciki na tarar da wani ɗan gurbi, da gawar pil, wato ƴar ƙaramar batiri, mai kusurwa huɗu a kwance, ta zubar da farin gishiri ta cinye ƙarfen da ke riƙe da ita. Nan na gane lissafin. Jirgin daga dogo yake shan wuta, dogon kuwa ya sha ruwan Komadugu ya yi tsatsa, ga rairayi. Duk inda ƙafa ta taka tsatsa sai wuta ta yanke. Aikin wannan ƴar pil shi ne ta riƙe muryar a ɗan tsakanin nan, kamar yadda ladan na biyu ke karɓa in na farko ya sarƙe. Na naɗe jirgin a tsumma, na ce wa Kawu ranar kasuwa mai zuwa zai ji usur ɗin da zai tashi matattu.

Maƙwabcin shagona Babarbare ne mai sayar da batura da fitilu, mutum mai sanyin magana kamar randa. Na ajiye masa gawar pil ɗin. Ya juya ta, ya ce wushe, wato sannu da yarensu, ya soma jero mini kaya. Ga irinta ta kasuwa mai araha, amma mu duka mun san zafin Difa shanye ta yake yi kafin wata ya mutu, sannan ta yi amai a cikin taragon kamar ta farko. Ga batirin wayar salula. Wannan ƙarfinsa bai kai ba, kuma in rana ta buge shi kumbura yake yi kamar akuyar da ta ci danƙo. Sai ya ce akwai ta uku, mai kusurwa huɗu ita ma, wadda ake yi wa caji, in jirgi na tafiya tana ƙoshi da kanta. Ita ce ta wurin. Amma babu ita a Difa, sai ya aika Damagaram, sai kuma ranar da mota ta ga dama.

"Ka jira ta, malam," ya ce. "Wadda ta shiga gurbin ita ce matar gidan."

"In jira? Na yi wa tsoho alkawarin ranar kasuwa. Kuma wannan ƴar abar mai kamar sabulun otal, ita za ta riƙe muryar jirgin ƙasa?"

"Waɗanda suka ƙera shi haka suka ga ya dace."

"Waɗanda suka ƙera shi ba su san Kawuna ba."

A lokacin an hana hawa babur a duk yankin. Babura na jingine a zaure kaji na ƙwai a kansu, ƴan kabu-kabu sun koma tura baro, baturansu kuwa sun cika ƙarƙashin teburina. Na jawo ɗaya na dire masa a gaba, baƙi, mai nauyi, mai cika hannu.

Ya dube shi ya dube ni. "Batirin babur? A wannan zamani, kuma a kan hanyar..."

"Namiji sai batirin maza," na katse shi. Da na bari ya ƙarasa maganar nan, da yau ba ni da labarin ba ku.

Aikin da na yi a kan jirgin nan, ko Bature ya gani sai ya cire hula. Batirin ya fi ƙarfin jirgin, sai na ciro ƴar na'urar rage wuta daga tsohuwar cajar mota na saka a tsakani. Bai shiga taragon ba, ko kusa, sai na bar shi a waje na ja masa wayoyi biyu, ja da baƙa. Ni kuwa ɗabi'ata ce, duk mahaɗin da na yi sai na naɗe shi da baƙin salatif har ya yi ƙiba, don kada wani ya ce aikina ya kwance. Na naɗe, na ƙara naɗewa. Sannan wata dabara ta zo mini: me zai sa makaho ya jira a haɗa masa dogo kafin ya ji usur? Na samo maɓallin ƙararrawar ƙofa, na ɗaura shi a bakin doguwar waya, yadda Kawu na kwance a tabarmarsa zai danna da babban yatsa jirgi ya yi kuka. Na auno ƙananan ƙusoshi a leda, don in kafe dogon a kan katako in na isa. Na shimfiɗa jirgin a ƙasan kwalin taliya, na lulluɓe shi da tsumma don kada ya ƙuje, na ɗora batiri da wayoyi da maɓalli da ledar ƙusa a sama. Na tsaya ina kallon kwalin nan ina jin daɗi. Wallahi ban ga komai a ciki ba sai gwaninta.

Ranar kasuwa na shiga motar Geskeru. An cusa mu kamar busasshen kifi a kwali. Kusa da ni wata tsohuwa ce ƴar gudun hijira, Hausarta ta Najeriya, da ƙullin goro a bakin zane, ta ɗora mini rabin jikinta a cinya ba ta ce sannu ba. Na yi ta zuba surutu, ana dariya, har muka hango shingen sojoji. Nan kowa ya yi tsit, har ni.

Wanda bai zauna a nan a shekarun nan ba, bari in gaya masa yadda ake yi. Mota ba ta isa shingen. Tun daga nesa direba ke tsayawa ya kashe inji. Kowa ya sauko, katin shaida a hannu, waya a aljihu, kada ka kuskura ka taɓa ta. Maza su ɗaga riga har ƙirji su juya, a ga cikinsu da bayansu, sannan a taka a layi ɗaya-ɗaya. Ba wulaƙanci ba ne. An sha zuwa da mutuwa a ƙarƙashin riga da cikin kaya, a kasuwa da bakin shinge, kuma kowa a motar nan ya san wani da abin ya ci. Na ɗaga rigata na nuna musu tumbin da na tara da guminsa, na wuce.

Wani soja matashi, siriri, wanda gashin bakinsa bai gama yanke shawarar fitowa ba, shi ke duba kayan da yaron mota ya sauke. Ya taɓa buhu, ya leƙa kwando, ya zo kan kwalin taliya.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, shef."

"Me ke ciki?"

"Jirgin ƙasa," na ce, har da murmushi.

Bai yi dariya ba. Ya sa tsinin wuƙa ya ɗaga murfin. Ina kallon fuskarsa lokacin da jini ya gudu daga cikinta. Bai yi ihu nan da nan ba. Ya soma ja da baya a hankali, ƙafa bayan ƙafa, kamar wanda ya taka wutsiyar kububuwa, sannan ya kwarma wata kalma da Faransanci. Sai na ji ƙarar da har yau in mai shayi ya rufe akwatin ƙarfensa da ƙarfi sai in zabura: ƙarar bindigogi ana ɗana su gaba ɗaya.

A daidai lokacin nan ne na ga kwalin da idon wani. Batirin babur. Wayoyi ja da baƙa. Baƙin salatif. Maɓalli a bakin doguwar waya, daidai babban yatsa. Ledar ƙusa. Innalillahi. Ni da hannuna na haɗa, na kuma tsaya ina yaba wa kaina.

"Kwanta! Kwanta! Hannu a ka!"

Ban san lokacin da na isa ƙasa ba. Fasinjoji suka watse bayan mota, mata na salati, wani jariri ya tsage da kuka aka toshe masa baki da nono. Rairayin ya yi zafin da za a gasa masara, amma sanyi nake ji har cikin haƙora. Ta gefen ido ina hango sojan nan matashi, bakin bindigarsa na kallon ƙeyata yana rawa. Wannan rawar ce ta fi komai kashe ni. Mai fushi kana iya ba shi haƙuri. Mai tsoro da yatsa a kan kunama, me za ka ce masa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, balle ni da na kawo masa maciji har da ƙaho. Na so in yi bayani, harshen da ya ciyar da ni shekara da shekaru ya manne a ganɗa kamar tsohon salatif. Na tuna ƴaƴana. Na tuna cewa ko ban mutu a nan ba, in aka jefa ni a bayan motar can aka tafi bincike, wa zai tsaya ya rantse cewa wannan jirgin makaho ne? Wani cinnaka ya hau wuyana ya yi abin da ya kawo shi, ban ko motsa ba.

Sai wata murya ta taso daga bayan buhunan rairayi, a natse, Hausarta da ɗanɗanon Zabarmanci. Babbansu ne.

"Kai mai tumbi. Kana ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Mene ne a kwalin?"

"Jirgi ne... na ƙasa... na Kawuna ne, makaho ne, usur ɗin ne ke shaƙuwa..."

Ni kaina da na ji abin da ke fita daga bakina, na san in ni ne shi ba zan yarda ba. A ƙasar da ba a taɓa shimfiɗa dogo ba, mutum ya ce yana ɗauke da jirgin ƙasa mai shaƙuwa.

"To," ya ce. "Tashi a hankali. Ɗauki kayanka. Ka ga aduwar can? Je gindinta, ka ajiye. Ka fito da abin da ke ciki ɗaya-ɗaya mu gani, sannan ka raba batirin da wayoyin. In ka yi gudu, ka san sauran. In hannunka ya je kusa da maɓallin nan, ka san sauran."

Na ɗauka. Kwalin da na riƙo da hannu ɗaya da safe ya koma buhun gero. Tsakanina da aduwar nan ba nisa, amma na rantse na fi Kawu daɗewa a hanya, shi da ya je har Ikko. Bayana duk ya zama ido. Ina jin daidai wurin da harsashi zai shiga, tsakanin kafaɗa da kafaɗa, wurin har ƙaiƙayi yake yi. Na durƙusa. Na ɗaga ledar ƙusa sama, na ji wani daga cikin fasinjoji ya ce la'ilaha illallahu. Na ajiye. Na ɗago batirin, sai wayoyi suka biyo shi, maɓallin ya zamo ya faɗa cikin rairayi wajen gwiwata, ban lura ba.

Sai salatif. Jama'a, in kuna neman mai naɗin da ba ya kwancewa, ku zo shagona. Na nemi bakinsa da farce, gumi ya sa yatsuna na sulɓi. Na murɗa, na ja, na sa haƙori. Aikina ya tsaya kyam yana kare mutuncina, ni kuwa ina kuka a zuci ina roƙon Allah ya sa a ce na yi ha'inci ko sau ɗaya.

"Yi sauri!" aka daka mini tsawa.

Na gyara durƙuso don in samu ƙarfin ja. Gwiwata ta sauka a kan wani abu mai tauri.

Tssssssss.

Huci ya taso daga cikin kwalin, dogo, mai kauri, irin na abin da ke shirin fashewa. Na ga duniya ta kwanta: sojoji, fasinjoji, direba, kowa ya shafe a ƙasa. Na runtse ido ina jiran ƙarar da ba a ji sau biyu. A cikin duhun nan na ji wata murya ta cika dajin, tana kalmar shahada tana haɗawa da wayyo Inna, wayyo Inna, Innar da ta rasu tun ina da gashi a ka. Daga baya aka tabbatar mini muryar tawa ce.

Hucin ya koma cuku, cuku, cuku-cuku. Ƙararrawa ta shiga. Sannan usur ya ɗauko, ya hau, ya miƙe, ya yi ta tafiya bisa rairayi da ƙaya har ya gangara kwarin kogi. Bai yi shaƙuwa ba ko sau ɗaya.

"Jirgi ne!"

Tsohuwar nan ce ta motarmu. Ta miƙe tsaye daga bayan mota, ita kaɗai a duk filin, mayafinta ya zame.

"Wallahi jirgi ne! Kada ku harbe shi, ƴaƴana, kukan jirgi ne! Gidanmu a bayan tasha yake a Maiduguri, da shi muke tashi!"

Babban ya ɗaga hannu ya faɗi wata kalma. Jirgin ya yi ta sauke numfashi har ya mutu don kansa. Na janye gwiwata kamar mai janye ta daga kan ƙwai.

Ya tako shi kaɗai, da doguwar sanda a hannu. Ya tsaya nesa kaɗan ya ɗage tsumman da bakin sandar. Ga ɗan jirgi baƙi a kwance, da ƴan ƙafafunsa, ba ruwansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro wuƙa ya datse wayoyin nan biyu a tashi ɗaya, aikin da na kasa da haƙori.

Tambayoyi kuwa na sha su a tsaye cikin rana: sunana, sunan ubana, unguwata, wa ya san ni, ina na samu batirin babur, me ya sa ƙusa. Aka kira mai unguwarmu a waya, ya ce ya san ni, ba ni da wani laifi sai yawan magana. Aka riƙe batiri da maɓalli da ƙusoshi, aka miƙo mini jirgin da guntayen wayoyi na lilo a gindinsa. Babban ya haɗa yatsunsa biyu har suka kusa taɓa juna, ya nuna mini ɗan tsakanin, wato abin da ya rage tsakanina da kabari. Da na juya, na ga sojan nan matashi a zaune a ƙasa bayan buhuna, yana son shan ruwa, gorar na bugun haƙoransa.

Muka koma mota rana ta riga ta karkata, kasuwa ta tafi. Ba wanda ya yi mini magana sai direba, shi ma ba da ni yake ba, da gilashin gabansa yake, yana gaya masa ra'ayinsa game da masu gyaran rediyo da iyayensu. Na rungume jirgin a cinya. Muka yi ta tafiya har muka fara hango gonakin tattasai. A nan ne harshena ya soma dawowa, kaɗan-kaɗan, kamar wutar gari.

"Ai dabara ce," na ce, ba da kowa ba. "Da gangan na danna. Na san in ba su ji kukan ba ba za su yarda ba. Irin wannan wuri, in mutum bai da zuciya sai a rasa rai. Abin da ya dame ni kawai Kawu. Na yi masa alkawarin usur, ga shi zan kai masa jirgi bebe."

Tsohuwar ta ɓare goro, ta jefa rabi a baki, ta tauna, ta gyara zamanta a kan cinyata.

"Kada wannan ya dame ka, ɗan nan," ta ce. "In ka isa, zauna kusa da shi ka yi masa irin wanda ka yi ɗazu a gindin aduwa. Ya fi na jirgin kaiwa nesa, kuma ba ya cin batiri."